Daga Bariki Zuwa Aji: Tarihin Yadda Bahaushe Ya Koyi Ma'anar Kalmomin Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi wata tsohuwa a ƙauye ko tana jin Turanci, za ta rantse cewa ko kalma guda ba ta sani ba. Amma kafin rana ta faɗi za ta aiki jikanta kanti ya sayo mata kananzir, ta sa a taro mata ruwa a famfo da bokiti, sa'an nan ta ce sati mai zuwa za ta shiga mota ta je asibiti ta ga likita. Kalmomi takwas ke nan masu asali da Ingilishi ta yi amfani da su, kuma babu wadda ta sa a inda bai dace ba. Shi kuwa jikan nata da yake aji biyar na furamare yana iya rero kalmomin Ingilishi ɗari da ka, amma da za a tsayar da shi a ce ya faɗi ma'anar goma daga cikinsu, sai ya sunkuyar da kai.

Wannan abin mamaki shi ne ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihi, domin masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bi diddigin hanyoyin da Bahaushe ya bi ya san ma'anar kalmomin Ingilishi na yau da kullum, tun daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau, sa'an nan ta duba darasin da ke ciki ga mu malamai da ɗalibai.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Aron kalmomi ba baƙon abu ba ne ga Hausa. Addinin Musulunci da fatauci sun kawo mata kalmomin Larabci masu ɗimbin yawa, kamar littafi da alƙalami da alƙali da sunayen ranakun mako. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka iso mana. Daga Azbinawa kuma muka sami takarda da ayari da cokali.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne hanyar da malamanmu na zaure suka shimfiɗa ta koyar da ma'ana. Ɗalibi mai karatun Ahalari ko Ishmawi yakan karanto gaɓar Larabci, malam ya ba shi ma'anarta da Hausa nan take, ya sake karanto wata, malam ya fassara, har a kai ƙarshen darasi. Ba a wuce kalma sai an san abin da take nufi. Da wannan hanya ce aka sami malamai masu wallafa littattafai da Larabci alhali ba su taɓa taka ƙasar Larabawa ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa.

3.0 Dorugu da Ƙamusoshin Farko

Daga cikin Hausawan farko da tarihi ya adana labarin zamansu a Ingila akwai Dorugu, wani yaro mutumin ƙasar Damagaram da aka kama bauta yana ƙarami. Bajamushen nan Adolf Overweg ne ya 'yanta shi, bayan rasuwarsa a 1852 kuma yaron ya koma hannun Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Ya bi shi har Tambutu, daga bisani suka isa Landan a 1855 tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. A Ingila Dorugu ya zauna da ɗan mishan J. F. Schön, wanda tun a 1843 ya wallafa jerin kalmomin Hausa. Daga bakin wannan yaro Schön ya tattara da yawa daga abin da ya zuba a nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 da kuma littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya koyi karatu da rubutun Turawa, ya dawo gida a 1864, ya rasu a Kano a 1912.

Bayan Schön sai C. H. Robinson, wanda ya ziyarci Kano a tsakanin 1894 da 1895, ya fitar da nasa ƙamusun a 1899 da 1900. Abin lura game da waɗannan ayyuka shi ne, an yi su ne domin Bature ya koyi Hausa, ko don wa'azi ko don mulki. Bahaushe shi ne rijiyar da ake ɗiba, amma ba domin ƙishirwarsa aka saƙa gugar ba. Saboda haka talaka bai koyi Ingilishi daga littafi ba a wancan zamani. Ta kunne ya koya, a wurin neman abinci.

4.0 Makarantar Kunne: Bariki da Reluwe da Kanti

Makarantar farko ita ce bariki. A 1863 John Glover ya kafa wata 'yar ƙaramar runduna ta Hausawa a Ikko, wadda sojan Nijeriya suke lissafa ta a matsayin tushensu. A 1897 aka ɗora wa Lugga nauyin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda da ita aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Hausa ce harshen mu'amala a cikin wannan runduna, amma umurnin fareti da sunayen muƙamai na Ingilishi ne. Ta nan muka sami soja da kurtu da kofur da saje da samanja da kyaftin da manjo da hafsa da sintiri da gadurum. Kurtu bai buƙaci ƙamus ba kafin ya san ma'anar gadurum, kwana ɗaya a ciki ya ishe shi. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara faɗaɗa wannan ƙofa, domin dubban samarinmu sun yi yaƙi a Bama daga 1943 zuwa 1945, suka dawo garuruwansu da kaki da fansho da sababbin kalmomi a baki.

Makaranta ta biyu ita ce ofishin mulki. Bayan kafa mulkin mallaka a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, talaka ya san Gwamna da Razdan da Di'o da En'e, ya san kotu da joji da lauya da sammaci da beli da fursuna. Tsakaninsa da Bature akwai masinja da tafinta, kuma su kansu sunayen nan biyu na aro ne. Tafinta a wancan lokaci mutum ne mai ƙarfin gaske, domin ma'anar da ya ga dama ita yake isarwa, kuma mai ƙara ba shi da hanyar da zai gane ko an karkatar da maganarsa. Rashin sanin ma'anar kalma yana iya jawo wa mutum asarar gona ko zaman kurkuku. Akawuna kuwa galibinsu daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas aka kawo su, shi ya sa wasu kalmomin zamani suka biyo ta bakin Yarabawa, irin su akawu ɗin kansa da ashana da keke da titi. Mu da muke zaune a wajen ƙasar Hausa muna ganin irin wannan cuɗanya kullum a zangonni da unguwannin Sabo.

Makaranta ta uku ita ce ta ƙwadago da ciniki. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, a shekarar da aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, ga kuma haƙar kuza a Jos tana janyo dubban ma'aikata. Daga nan aka sami reluwe da tasha da tikiti da fasinja, aka sami lebura da heluma da kafinta da birkila. Wuri ya ba da hanya ga fam da sule da sisi da nai da kwabo. Da mota ta zo, ta zo da direba da birki da giya da taya da sitiyari da ɗan kamasho. A duk waɗannan wurare kalma tana zuwa ne riƙe da hannun abin da take nufi. Mutum ya ga abu, ya taɓa shi, ya ji sunansa, gani kuwa ya kori ji.

A hayin iyaka ma haka abin ya kasance, sai dai da wani harshe. 'Yan'uwanmu na Nijar da Faransa ta mallaka suna cewa lakwal da mushe da kumandan, a inda mu muke cewa makarantar boko da malamin makaranta da Di'o.

5.0 Yadda Hausa Ta Yi Wa Baƙin Kalmomi Kaciya

Bahaushe bai karɓi waɗannan kalmomi yadda suka zo ba, sai da ya sa su suka bi ƙa'idar gidansa. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, don haka ta cusa wasali a tsakani, aka sami burodi da birki da furamare. Ta mayar da sautin "p" ya koma "f", kamar a fensir da famfo da fasinja, ta mayar da "v" ya koma "b", kamar a direba. Ta kuma fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa muke da kotu da banki da bokiti. Bayan haka ta ba kowace jinsi da jam'i irin nata: mota ta zama mace, jam'inta motoci, kamar yadda ake cewa mota tamkar ƙota da ƙotoci, soja ya ba da sojoji, kanti ya ba da kantuna. Misali mafi ban sha'awa shi ne na mai gyaran mota. Kunnen Bahaushe ya ji farkon kalmar kamar "ba" ɗin da ke cikin Bakano da Bakatsine, sai ya ce bakanike, ya kuma yi masa jam'i kanikawa, tamkar dai akwai wani gari da suka fito.

Ma'ana ma ba ta tsira ba. Sati daga "Saturday" ya fito, wato Asabar, amma a Hausa ya zama mako sukutum. Kwabo daga "copper" ne, sunan jan ƙarfe. Yadi a Ingilishi awo ne, a wurinmu kuwa har tufafin da ake aunawa ya ci sunan. Kanti daga "canteen" yake, sunan da ake kiran shagunan kamfanonin Turawa da shi a wancan zamani, alhali a Ingilishin yau wurin cin abinci ne. Bariki masaukin soja ne, amma da aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance ta shiga bariki, kowa ya san hukunci ne al'umma ta yanke a kan irin rayuwar da ta tsiro a gefen mazaunin Turawa. Waya kuwa ta yi doguwar tafiya: daga zaren ƙarfe ta zama wayar tangaraho, ta ba gidan waya suna, ta zama tarho, yau ga ta a aljihun kowa babu ko silin ƙarfe a jikinta, kuma har yanzu waya muke ce mata.

Wannan sauyin ma'ana yana da amfani ga malamin aji ta fuska biyu. Yaro Bahaushe yana shiga makaranta da ɗaruruwan kalmomin da za su zame masa tsani zuwa Ingilishi, in an nuna masa. Amma wasunsu tarko ne, domin wanda ya ɗauka ma'anar yadi ko kanti ɗaya ce a harsunan biyu zai yi kuskure a jarrabawa. Akwai kuma kalmar da aka daɗe ana yi wa ƙage, wato boko. An sha faɗa cewa daga "book" ta fito, amma Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da kakanninmu suka yi wa sabon karatun da farko.

6.0 Makarantar Aji da Ƙamus

Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. Turawan mulki ba su yi gaggawar yaɗa Ingilishi a Arewa ba, sun kuma taƙaita ayyukan 'yan mishan a masarautun Musulmi. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ita ce ta fitar da rukunin farko na waɗanda suka ƙware a harshen, irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam. Sai dai waɗannan 'yan ƙalilan ne a cikin miliyoyin jama'a.

A fagen ƙamus, G. P. Bargery ya fitar da gagarumin aikinsa a 1934 mai ɗauke da kalmomi kimanin 39,000, R. C. Abraham kuma ya biyo baya a 1949 tare da Malam Mai Kano. Duk da darajar waɗannan littattafai, ƙarfinsu daga Hausa zuwa Ingilishi ne. Sai a 1957 aka fitar da Hanyar Taɗi da Turanci, a 1965 kuma Neil Skinner ya wallafa Ƙamus na Turanci da Hausa. Waɗannan su ne suka juya akalar, suka fuskanci Bahaushe mai neman sanin abin da kalmar Bature take nufi. Wato fiye da shekara ɗari ke nan tsakanin jerin kalmomin Schön da littafin da ɗalibin Hausa zai buɗe domin buƙatar kansa. Daga baya Paul Newman da Roxana Ma Newman suka fitar da Sabon Ƙamus na Hausa Zuwa Turanci a 1977, Roxana ta fitar da na Ingilishi zuwa Hausa a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa zalla a 2006.

7.0 Jarida da Rediyo

Akwai wata makaranta da ba ta da bango, wadda ta fi kowace yawan ɗalibai. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a cikin sunanta ma akwai kalmar aro. Ita ce ta yi wa jama'a bayanin Yaƙin Duniya, daga baya kuma ta shiga bayanin tsarin mulki da zaɓe. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa domin daidaita rubutu da tantance baƙin kalmomi. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979.

Masu fassara a waɗannan kafafe sun bi hanyoyi uku. Wani lokaci su ari kalmar yadda take, kamar minista da gwamnati da kamfani. Wani lokaci su koma rumbun Larabci, su ɗauko siyasa da jam'iyya da ƙuri'a da majalisa. Wani lokaci kuma su ƙera sabuwa da kayan gida: Majalisar Ɗinkin Duniya, jirgi mai saukar ungulu, tauraron ɗan'adam, yaƙin cacar baka. Manomi da ke sauraren akwatin rediyo a gindin bishiya ya fahimci al'amuran duniya ne domin an kawo masa ma'ana cikin harshensa, daidai da yadda malamin zaure yake yi wa ɗalibinsa.

8.0 Inda Gizo Yake Saƙa

Shirin ba da ilimin furamare kyauta ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda ake da ƙwararrun malamai. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na furamare, amma a aikace abin ya sha bamban. Da yawa daga cikinmu muna tuna yadda malami zai rubuta kalmomi a allo, ya faɗa mu amsa da ƙarfi har makwabta su ji, a tashi ba a gaya mana ma'anar ko ɗaya ba. Muna kuma tuna monita da 'yar takardarsa yana rubuta sunan duk wanda ya yi "banakula", wato harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi, domin a yi masa bulala. An hana mu gadar da za mu taka, an kuma ce lalle sai mun haye kogin. Sakamakon haka muna ganinsa har a jami'a, inda ɗalibi zai haddace shafi guda ya zuba a takardar jarrabawa, amma a ce ya faɗi abin da ya rubuta da Hausa ya kasa.

Ba a rasa hujja daga cikin gida ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida ana ba su Ingilishi a matsayin darasi, ya nuna cewa waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu ba, har ma a Ingilishin kansa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a dukkan shekarun furamare, a Nuwambar 2025 kuma aka ba da sanarwar soke ta, aka koma ga Ingilishi. Kowace manufa aka bi, tambayar da ke gaban malami a aji ba ta sauya ba: ta yaya yaron da ke gabansa zai san abin da kalmar nan take nufi?

A halin yanzu kuma makarantar kunne ba ta rufe ba. Mai sayar da rake da bai taɓa zama a aji ba ya san caji da data da sabis da kati, kuma ba ya kuskure wajen amfani da su, saboda dalilin nan dai da ya sa kurtu ya san gadurum.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa Bahaushe ya san ma'anar kalmomin Ingilishi ta hanyoyi biyu da suka yi albarka. Ta farko ita ce inda kalma ta zo tare da abinta, a bariki da tasha da kanti. Ta biyu ita ce inda aka ba shi ma'ana da harshensa, a ƙamus da jarida da rediyo. Hanyar da ta ba mu kunya ita ce ta haddar da babu fahimta.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyanmu, mu ma'abota sashen Hausa. Ƙamusun Skinner ya haura shekara 60, rayuwa kuwa ta yi nisa. Muna buƙatar ƙaramin ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa domin 'yan furamare, mai araha, mai misalai daga gida da kasuwa, wanda zai nuna wa yaro kalmomin da ya riga ya sani, ya kuma gargaɗe shi game da waɗanda ma'anarsu ta sauya. Ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri suna iya fara wannan aiki ta hanyar tattara kalmomin kanikawa da teloli da direbobi da masu gyaran waya a garuruwan da muke zaune. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dorugu yana yaro ya ba Turawa kalmomin da suka koyi harshenmu da su. Bai kamata a ce bayan shekara 170 jikokinsa suna zaune a aji suna rera abin da ba su san ma'anarsa ba, mu kuwa muna da digiri muna kallo.